Wa Zai Ƙera Kan Jirgin da Ya Ja Gyaɗar Magarya?

A shekarar 2001 wasanni biyu na tuƙin jirgin ƙasa suka fito a kwamfuta: Microsoft Train Simulator daga Amurka, da Trainz na kamfanin Auran a Ostireliya. Na Microsoft ya zo da hanyoyi shida kacal, biyu a Amurka, biyu a Japan, ɗaya a Ingila, ɗaya a Ostiriya. Da a nan aka tsaya, da tuni an manta da su. Masu wasan ne suka raya su, domin sun shiga ƙera nasu kawunan jiragen da taragu da tashoshi da gadoji cikin siffar 3D, suna rabawa kyauta. Yau rumbun Trainz na intanet yana ɗauke da kayayyaki dubu ɗaruruwa, akasarinsu aikin mutanen da ba wanda ya biya su ko dala: tsohon ma'aikacin reluwe, malamin makaranta, ɗalibin da ya hana idonsa barci.

Mutumin garin Waca da ya ji wannan zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Layin dogo bai taɓa ratsa ƙasar Sosebaki ba, daga Mirya har Dungas, kuma yawancin yaran da ke tasowa a gundumar Magarya a waya kaɗai suka taɓa ganin jirgin ƙasa. Sai dai jirgin ya shiga rayuwar kakanninsu fiye da yadda ake tunawa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930 ta Ringim da Malam Madori, da haka gyaɗar kudancin Nijar ta samu hanyar teku. Raƙuma da jakuna, daga baya manyan motoci, suna tsallaka iyaka da buhuna, a jibge a tasha, kan jirgi ya ja zuwa Legas. Abin ya tsaya wa Faransawa a rai, har a 1953 suka fito da tsarin da suka kira Opération Hirondelle don karkata wani kaso na gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, amma ta gabas ta ci gaba da bin Najeriya saboda kusanci. Kuɗin haraji da na aure da na ɗinkin salla a garuruwanmu, shekaru da dama ta bayan wannan kan jirgi suke zuwa.

To je ka leƙa rumbunan wasannin nan. Za ka tarar an ƙera kan jirgin Flying Scotsman na Ingila an sake ƙerawa, ga jiragen Jamus da Amurka rututu, ga na Indiya da Indonesiya. Kan jirgin da ya ja gyaɗar Magarya kuwa, da ƙyar za ka ci karo da shi. Wannan giɓi shi ne abin da ya dame ni, kuma yana da dalilai.

Aikin kansa ba sihiri ba ne, haƙuri ne. Mai ƙira yakan fara da zanen injiniya wanda ya nuna jirgin ta gefe da gaba da sama, da awo a jiki. Ya shimfiɗa zanen a bayan fage cikin manhaja irin Blender, ya ɗauko siffar akwati guda ya yi ta ja yana yankawa har ta zama gindin jirgi. Kowace siffa a 3D tarin ƙananan alwatika ce da aka ɗinke, kuma a nan ake gane gwani. Idan ya ƙera kowace ƙusa da nata alwatikan, kwamfutar mai wasa za ta shaƙe, hoto ya riƙa tsalle. Idan ya yi rowa, ƙafar jirgi ta fito da kusurwoyi maimakon zagaye. Saboda haka sai ya zana ƙusoshin a jikin fenti, ya bar inuwa ta yaudari ido, ya kuma yi kwafi uku ko huɗu, mai cikakken ado don kallon kusa, mai sauƙi don hangen nesa. Daga nan sai tsatsa a inda ruwa ke ɗiga, baƙin hayaƙi a bayan bututu, sheƙin mai a sandunan da ke juya ƙafafu. Sandunan nan dole motsinsu ya dace da juyawar ƙafa, in ba haka ba duk wanda ya san jirgi zai gane kuskuren nan take. Saura sauti, da lissafin nauyi da ƙarfin ja da birki da yawan kwal da ruwan da yake sha a hawan tudu. Kan jirgi guda yakan cinye watanni na aikin dare.

Abin da ya fara buɗe wa jama'a wannan ƙofa shi ne arahar kayan aiki. Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, ta kusa bin kamfaninsa da ya durƙushe. A 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro dubu 100 suka fanshe ta, ta zama ta kowa, kyauta. A wancan lokaci manhajojin ƙwararru na irin wannan aiki sai mai dubban daloli. Da fitowar Blender 2.8 a 2019 sarrafa ta ya yi sauƙi ga ɗan koyo, darussa suka cika YouTube. Su ma kamfanonin wasa sun gane ba za su iya ƙera kowane jirgi na duniya ba, sai suka bar hanya ga masu sha'awa, kamar yadda ake gani a Train Simulator na Dovetail Games a Ingila da Transport Fever na Urban Games a Suwizalan. Ga kuma tsadar tsohuwar sha'awar nan ta Turawa ta jera ƙananan jiragen ƙarfe da roba a ɗaki guda. Wanda ba shi da ɗaki, kwamfuta ta ba shi layin kilomita ɗari.

Amma dalilin da na fi bai wa nauyi shi ne kewa. Ingila ta sallami jiragen tururi daga manyan layukanta a 1968, Jamus ta Yamma a 1977. Yaran da suka tsaya a bakin layi suna ɗaga musu hannu su ne suka girma suka zauna gaban kwamfuta, ƴaƴansu kuma suka gaji sha'awar. Mutum yakan ƙera abin da ya gani yana yaro kuma ya rasa shi daga baya.

Sakamakon da ba wanda ya shirya shi ne, wasa ya zama ma'adanar tarihi. Akwai layukan da aka tumɓuke ƙarafansu tun tuni, da nau'o'in jiragen da aka narkar har na ƙarshe, waɗanda yanzu a cikin wasa kaɗai za ka hau su ka ji yadda suke haki a kan tudu. Masu ƙira sukan bi tsofaffin direbobi da tambaya, su tono hotuna, su yi gardama kan launin fenti na wata shekara. Wasunsu ta nan suka koyi sana'ar da ta kai su kamfanonin wasa da na fim da ofisoshin zanen gini. Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗi. Kamfani yana sayar da wasan da darajarsa ta dogara ga gumin waɗanda ba ya biya, kuma ranar da ya ga dama ya rufe shago. A 2009 Microsoft ta rufe sashen da ke yin wasanta na jirgi, ta soke kashi na biyu. Aikin dubban mutane ya tsaya a kan manhajar da ba mai kula da ita, sai da ƴan sa-kai suka rubuta Open Rails, manhaja ta kyauta mai karanta tsofaffin kayan, sannan hankali ya kwanta. Duk wanda zai shiga wannan harka daga ɓangarenmu, gara ya ajiye asalin aikinsa a Blender, kada ya damƙa shi kacokan ga wasa ɗaya.

Tunda ma'adana ce da masu sha'awa suke cikawa, abin da ba shi da mai ƙera shi ba ya shiga. Kuma muna da abin ƙerawa. Tsohon layin Najeriya faɗinsa milimita 1,067, ya fi na zamani mai 1,435 ƙanƙanta, don haka jiragensa suna da nasu fasali. Akwai jerin kawunan tururi da aka raɗa wa sunayen koguna, waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta fara kawowa a 1948, suna ƙona kwal ɗin Inugu. Akwai manyan Garratt na kamfanin Beyer Peacock masu tukunya ɗaya a tsakiya da injin gaba da baya. Akwai ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. Akwai kawunan dizal na English Electric da suka iso a 1955. Francis Jaekel, wanda ya yi shekaru a aikin reluwen Najeriya, ya bar tarihinsa cikin mujalladi uku, kuma gidan da ake kira da sunansa a Ebute Metta, Legas, ƙaramin gidan tarihi ne na reluwe. Wato bayani yana nan, amma yana Legas da Ingila, cikin Turancin Ingilishi, ga yaron da ya yi lakwal da Faransanci.

Wanda ya ce rashin basira ne bai zauna a Waca bayan kaka ba. Da an kwashe hatsi an bar kara a gona, sai ka ga yara sun zauna gindin bishiya da reza. Su feƙe bawon kara su yi sanduna, ɓargon ya zama abin sokawa, ƙaya ta zama ƙusa, a yanko tayoyi daga tsohon silifa ko sakaina. Motar da za ta fito tana da madubin gefe, da tsanin hawa, da keji na lodi irin na motocin da ke ɗaukar rake daga fadamun Korama ko dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Yaron bai riƙe ma'auni ba, amma tsawon bodi da girman taya sun dace, kuma ya san wane daki-daki zai saka don a gane motar, wane zai bari. Wannan zaɓi shi ne rabin aikin mai ƙira a kwamfuta. Abin lura shi ne mota suke yi da babur da jirgin sama, domin su suke gani. Jirgin ƙasa ya tsaya a Nguru da Kano, don haka bai shiga hannunsu ba.

Sauran cikas ɗin sanannu ne, ba sai an tsawaita ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka muni. Yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana shan wuta ta layin Katsina, kuma kowa ya ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Faifan sola yana cajin waya, amma kwamfutar da za ta ɗauki Blender ta kwana tana aiki wani zance ne daban, balle kuɗin data na sauke darussa. Ga iyaye da ke ɗaukar duk abin da aka kira wasa a matsayin ɓata lokaci. A nan ina ganin akwai hujjar da za ta kwantar musu da hankali: malamanmu da ke tsawatarwa kan sassaƙa surar mai rai ba su da ja a kan injin ƙarfe, kuma hannun da ya iya ƙera kan jirgi zai iya zana famfon ban-ruwa ko injin matsar rake a kai wa mai walda.

Alamar abin da zai iya faruwa tana cikin waya. Wasan Bus Simulator Indonesia, wanda kamfanin Maleo ya fitar a 2017, yana barin mai wasa ya sauya wa mota fenti ko ya shigo da wadda wani ya ƙera, kuma matasa daga Indiya har gabashin Afirka sun cika shi da motocin garuruwansu, da rubuce-rubucen jikinsu. Da zarar an bar ƙofa a buɗe a kan na'urar da talaka ke riƙe da ita, mutane nasu suke sakawa. Manhajojin ƙirar 3D na waya suna nan, ko da yake ba su kai na kwamfuta ba.

Shi ma jirgin yana matsowa. Layin Yamai zuwa Doso mai kilomita 143 da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka ƙaddamar a Janairun 2016, bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba, don haka bai bar wa kowa abin kewa ba. Na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na Fotugal aka kuma aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Daura ba ta da nisa da Magarya, kuma can aka kafa jami'ar sufuri ta tarayyar Najeriya. Idan ɗalibanta da na Jami'ar André Salifou ta Damagaram suka haɗa kai, ga masu awo ga masu ƙira.

Sababbin jiragen ba su ne abin gaggawa ba, tunda za su zo da zanensu da hotunansu. Tsofaffin ne ke tafiya. Abin da ya rage na kawuna da taragun tsohon layi a Kano da Zariya da Kafanchan yana zaune cikin rana da damina, a ƙasar da ake yawan kama motoci maƙare da ƙarafan layin dogo za a kai wa masu narkarwa. Direbobi da masu zuba kwal na zamanin tururi, waɗanda suka rage a raye, duk sun tsufa. Matakin farko bai ma buƙatar kwamfuta: izini daga hukumar reluwe, tef na awo, littafin rubutu, da waya mai ɗaukar hoto ta kowane gefe da muryar tsohon da zai nuna inda ake buɗe tururi da inda ake danna birki idan an gangaro da lodin gyaɗa daga Malam Madori.