Hukuncin Mai Ɗakin Taro Da Ya Karɓi Kafin Alƙalami Kuma Ya Fasa

Da sunan Allah. Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Kibiya da Rano, in kaka ta yi, dawa da masara suka shiga buhu, lokacin aurar da 'ya'ya ya zo ke nan. Da yawanmu kan kama ɗakin taro ko rumfa da kujeru, mu ba da kafin alƙalami. To, in ana saura kwana 3 mai wuri ya ce ya fasa, ga shi an raba goro, ina mafita?

Ku sani, a mazhabarmu ta Malikiyya haya alkawari ne mai ɗaure kowa. Da an yanke kuɗi, an ambaci rana, an sallama, mai wuri ba shi da ikon fasawa don wani ya ƙara masa kuɗi. Alƙali na iya tilasta shi ya ba da wurin. In ranar ta wuce, sai ya mai da kuɗi cif. Kada ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa: Imamu Malik ya kawo hani a kan wannan sharaɗi cikin Muwaɗɗa, ciniki ne ko haya.

Amma akwai fashin da ba laifin kowa ba ne. A watan Afrilu 2020 hukuma ta rufe Kano saboda annobar korona, aka hana taro. Muhtasar na Shehu Halilu ya ambaci irin wannan: in mai mulki ya sa aka rufe shaguna, haya ta warware. Nan kuɗinka kawai za ka karɓa, babu tara.

Yadda za a bi. Farko a nemi sulhu wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa ko dagaci. In ya ƙi, sai kotun shari'a. Je da shaidu biyu. A sha'anin dukiya ko shaida ɗaya da rantsuwarka ana karɓa. Wanda ya fi son kotun boko, a 2019 Kano ta buɗe kotun ƙananan basussuka a ƙarƙashin majistare, ana shiga ba dole sai da lauya ba. A dokar boko kuma, in ka kama wani wuri da tsada, kana iya neman cikon da ka yi, muddin ka riƙe rasit.

Abin da ke kayar da mu shi ne maganar fatar baki. Mu da ba ma sakin buhu ɗaya a Dawanau sai an rubuta, yaya za mu saki kuɗin biki babu takarda? A rubuta rana da sa'a da kuɗi da abin da aka bayar, ko da ajami ne, shaidu su sa hannu. Hayar sito ma haka.

Allah ya raba mu da rigima. Wassalam.