Thurgood Marshall, Lauyan Da Ya Kayar Da Wariya A Kotun Ƙoli

Lauyan ɗaukaka ƙara ba ya kiran shaidu. Kafin shari'a ta iso hannunsa an riga an gama da su a ƙaramar kotu. Aikinsa shi ne ya bi tulin takardun shari'ar layi-layi, ya gano inda hukuncin ya saɓa wa kundin tsarin mulki, ya rubuta hujjojinsa, sannan ya tsaya gaban manyan alƙalai suna yi masa ruwan tambayoyi.

A wannan fage, da wuya a samu kamar Thurgood Marshall na Amurka. An haife shi a Baltimore a 1908, lokacin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta da jirgin ƙasa. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Maryland da ke garinsu ba ta ɗaukar baƙaƙe, sai ya nufi Jami'ar Howard, inda mahaifiyarsa ta jinginar da zobbanta don biyan kuɗin makaranta. Ya gama a 1933. Shekara biyu bayan nan, shi da malaminsa Charles Houston suka maka Maryland ɗin a kotu, aka tilasta mata ɗaukar wani ɗalibi baƙi.

Dabararsu ita ce haƙuri. Tun 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariya muddin ana bai wa kowa daidai da ɗan'uwansa. Marshall bai tunkari wannan hukunci gaba-gadi ba, sai ya riƙa yi masa ɗauki ɗai-ɗai. Ya fara da makarantun horar da lauyoyi, domin ba a yi wa alƙali wayo a kan makarantar da shi ma ya yi. Da jihar Texas ta ware wasu 'yan ɗakuna a ƙarƙashin wani gini ta ce ga makarantar baƙaƙe nan, kotun ta ƙi yarda a 1950.

Sai da ƙasa ta yi laushi ya kai ƙarar makarantun yara. Ranar 17 ga Mayun 1954, a shari'ar Brown, alƙalai tara suka haɗu a kan cewa wariya a makarantun gwamnati ta saɓa wa tsarin mulki. Aiwatarwar dai ta ci shekaru, don jihohin kudu sun yi taurin kai.

Cikin ƙararrakin kare haƙƙin baƙaƙe 32 da ya tsaya wa a Kotun Ƙoli, ya ci 29. A 1967 ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar alƙali a kotun.