Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Katin Bashin Kantuna Da Hukunci Biyu A Amurka

A manyan kantunan Amurka, da wuya mutum ya isa wurin biyan kuɗi ba a yi masa tayin katin bashi na kantin ba, tare da alƙawarin rangwame a kan sayayyarsa ta wannan rana. Cikin 'yan mintuna ake cike takarda a amince, a gaya masa cewa yana da damar cin bashi har zuwa dala kaza. Ɗalibanmu da likitocinmu da sauran 'yan ci-rani da ke zaune a can sukan karɓi irin wannan kati tun farkon zuwansu, domin ya fi sauran katuna sauƙin samu ga wanda bai da tarihin bashi a ƙasar. Abin da ba a cika bayyana musu ba shi ne, wannan iyaka da aka yanka musu ana iya zaftare ta a kowane lokaci, kuma zaftarewar tana jawo wata asara ta biyu wadda ta fi ta farko tsada.

Da farko dai, ya kamata mai karatu ya san cewa sunan kanti ne kawai a jikin katin, amma kuɗin na banki ne. Katin kantin Lowe's, alal misali, bankin Synchrony ne ke bayar da shi. Na Home Depot na Citibank ne. Na Kohl's na Capital One. Na Target kuwa na bankin TD. Kanti yana son ciniki, banki yana son kuɗin ruwa, kuma banki ne ke da wuƙa da nama a kan iyakar bashin. Waɗannan katuna sun shahara da abubuwa biyu: ƙaramar iyaka, wadda sau da yawa ba ta wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, da kuma kuɗin ruwa mai tsanani. Rahoton da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, wato CFPB, ta fitar a watan Disamba na 2024 ya nuna cewa mafi yawan katunan kantuna kuɗin ruwansu yana iya haura kashi 30 cikin ɗari a shekara.

Ba za a fahimci illar rage iyaka ba sai an fahimci makin da ake auna mutane da shi. Akwai manyan kamfanoni uku da ke adana tarihin bashin jama'a a Amurka: Equifax da Experian da TransUnion. Daga bayanan da bankuna ke aika musu ake lissafa maki, kuma wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin FICO, wanda aka fara amfani da shi a 1989, mai farawa daga 300 zuwa 850. Kamfanin da kansa ya bayyana yadda yake raba nauyin lissafin: kashi 35 cikin ɗari na tarihin biya a kan lokaci ne, kashi 30 na yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 na daɗewar tarihinsa, sai kashi 10 na sababbin basussuka da wani kashi 10 na ire-iren bashin da yake riƙe da su. A cikin wancan kashi 30, babban abin dubawa shi ne kason da mutum ya cinye daga iyakar da aka ba shi. Masu ba da shawara kan ce kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na iyakar, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon kyawun makin.

To, bari mu ƙaddara wani mutum mai katin kanti da iyakarsa dala 1,000, wanda ake bin sa dala 300. Kason da ya cinye kashi 30 ne, ba yabo ba fallasa. Sai rashin lafiya ko mantuwa ta sa ya makara da biya. Tun washegarin ranar biya za a ci shi tarar makara, wadda takan kai dala 30 a karon farko da dala 41 idan ya maimaita cikin wata shida. Idan makarar ta kai kwana 30, banki zai kai rahotonsa ga kamfanonin nan uku, kuma dokar adana tarihin bashi ta 1970 ta ba da damar wannan tabo ya zauna a fayil ɗinsa har shekara 7. Wannan shi ne hukunci na farko, kuma ana iya cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma sai banki ya duba ya ga haɗari, ya rage iyakar daga dala 1,000 zuwa dala 350. Mutumin nan bai ƙara cin bashin ko sisi ba, amma kasonsa ya tashi daga kashi 30 zuwa kusan kashi 86. A idon na'urar lissafi ya zama wanda ya kusa cinye duk abin da aka ba shi, alamar wanda ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Maki ya sake faɗuwa, a wannan karon saboda abin da banki ya yi.

Lamarin bai tsaya nan ba. Sauran bankunan da yake da katinsu sukan leƙa fayil ɗin abokan hulɗarsu lokaci zuwa lokaci, kuma idan suka ga maki ya faɗi, su ma suna iya rage tasu iyakar, kason ya ƙara hawa. Akwai kuma wata ɗabi'a da masu katuna suka daɗe suna kuka da ita, inda banki ke bin sawun ragowar bashin: duk lokacin da mutum ya biya wani abu, sai a sake sauko da iyakar zuwa dab da abin da ya rage. Yana biya, amma kasonsa yana nan a sama kamar bai biya ba. A ƙasar da mai gidan haya ke duba maki kafin ya ba da mabuɗi, masu bashin mota da na gida ke yanke kuɗin ruwa da shi, kuma kamfanonin inshora a jihohi da dama ke la'akari da tarihin bashi, makarar biyan dala 30 a kantin tufafi tana iya komawa asarar dubban daloli.

Mai karatu zai tambaya, shin doka ba ta ce komai ba? Dokar katunan bashi da Shugaba Obama ya sa wa hannu a watan Mayu na 2009 ta wajabta sanarwar kwana 45 kafin a ƙara kuɗin ruwa, amma ba ta hana banki rage iyaka ba tare da gargaɗi ba. Abin da ƙa'ida ta hana shi ne a ci mutum tarar wuce iyaka saboda sabuwar iyakar kafin a ba shi sanarwar kwana 45. Idan kuma banki ya dogara da rahoton ɗaya daga kamfanonin uku wajen yanke hukuncin, dole ya faɗi wane kamfani ne, kuma mai katin yana da haƙƙin karɓar kwafin rahoton kyauta cikin kwana 60. A watan Maris na 2024 hukumar CFPB ta yi yunƙurin mayar da tarar makara dala 8 ga manyan bankuna, amma wata kotun tarayya a jihar Texas ta dakatar da ƙa'idar, sannan ta soke ta a watan Afrilu na 2025. Wani abin lura shi ne binciken da hukumar ta wallafa a 2022, wanda ya gano cewa kusan biyu bisa uku na waɗanda aka rage wa iyaka ba su da wata makara ta kusa a katunansu. A rikicin tattalin arziki na 2008 da kuma farkon annobar korona a 2020, bankuna sun rage iyakoki ga ɗimbin jama'a, a daidai lokacin da mutane suka fi buƙatar abin da za su jingina da shi.

Adalci ne a saurari hujjar bankuna. Bashin kati ba shi da jingina. Idan mai kati ya gaza, babu gida ko mota da za a ƙwace. Wanda ya fara makara yana iya cinye sauran iyakar kafin ya durƙushe, saboda haka rage ta kariya ce ga banki, wani lokaci ma ga shi kansa mai katin. Ko a Kantin Kwari, ɗan kasuwan da ya ba yaronsa kaya lamuni ya ga biya yana jinkiri, zai rage yawan kayan da yake ba shi. Bambancin shi ne, ɗan kasuwa yakan ji uzuri, kuma ba ya zagaya kasuwa yana shelar cewa yaron ya cika cin bashi alhali shi ne ya rage masa kaya. Tsarin maki kuwa yana ɗaukar matakin da banki ya ɗauka ya rubuta shi a matsayin halin mai katin.

A nan ne kalmomi ke yin tasu ɓarnar. Kalmar Ingilishi da ake kiran wannan harka da ita, kiredit, ta samo asali daga kalmar Latin credere, mai ma'anar yarda ko gaskatawa. Abin da aka ba mai kati ke nan, yarda, kuma mai yarda yana iya janye yardarsa. Amma takardar da banki ke aikowa duk wata tana nuna ragowar iyakar a matsayin abin da ke nan a ajiye domin mai kati, har ya riƙa lissafa ta cikin abin da zai fuskanci larura da shi. Bahaushe ya riga ya raba gardama da ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ga 'yan'uwanmu da ke can, akwai matakan da ke rage ɓarna. A sa banki ya riƙa cire mafi ƙarancin biyan wata da kansa daga asusu, domin kada mantuwa ta kai mutum kwana 30. A biya kafin ranar rufe lissafin wata, saboda adadin wannan rana ne galibi ake aika wa kamfanonin uku. Idan an rage iyaka, a kira banki a nemi dalili, a kuma duba rahoton, wanda tun 2020 ake iya karɓa kyauta duk mako. Kada fushi ya sa a rufe katin, domin rufe shi yana ƙara rage jimillar iyakar mutum. Labari mai daɗi shi ne, a yawancin nau'o'in makin FICO, kason amfani ba ya riƙe tarihi; da zarar an biya bashin aka aika sabon adadi, wannan ɓangare na maki yakan farfaɗo, ko da yake tabon makara yana nan.

Mu ma a gida mun kama wannan hanya. Nijeriya ta yi dokar adana tarihin bashi a 2017, akwai kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry da ke tattara bayanan masu cin bashi, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP domin faɗaɗa bashin sayayya ga ma'aikata. Tun kafin tsarin ya yi jijiya, ya dace Babban Bankin Nijeriya da 'yan majalisa su tanadi abin da dokar Amurka ta bari a buɗe: a wajabta sanarwa da bayyana dalili kafin a rage wa mutum iyaka, kuma a hana lissafin maki ɗora wa mai kati laifin ragin da banki ya yi da hannunsa.