Ƙattan Zamanin Nuhu da Jariri Mai Cindo

Karatunmu na yau yana cikin Farawa 6:1-8. In akwai Littafi Mai Tsarki a gida, sai a buɗe mu bi tare.

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana wasiƙa. Ta haifi ɗa namiji mai cindo, wato yatsa na shida, a hannu biyu. Uwar mijinta ta kai jaririn wani gidan addu'a, aka buɗe musu 2 Sama'ila 21:20, inda aka ba da labarin wani ƙato a Gat mai yatsu shida a kowane hannu da kowace ƙafa. Aka ce yaron jinin ƙattai ne, zuriyar mala'ikun da suka faɗi, wai namijin dare ne ya shiga tsakaninta da mijinta. Aka yanka musu kuɗin da za su kawo don a raba yaron da wannan jini. Tun daga ranar mijin bai ƙara ɗaukar ɗansa ba. Tambayarta ita ce, "Baba Pasto, ɗana mutum ne?"

'Yata, zan amsa miki, amma sai mun fara ganin abin da aka rubuta.

Ayoyi huɗu ne kawai suka ba da labarin. Mutane sun yi yawa a duniya, waɗansu da aka kira 'ya'yan Allah suka yi sha'awar 'yan matan mutane, suka aure su. A kwanakin nan akwai waɗanda ake kira Nefilim da Ibrananci, jarumawa masu suna. Yahudawan da suka fassara Attaura zuwa Helenanci a Iskandariya ta Masar, wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, sun sa kalmar da ke nufin ƙattai, irin waɗanda Bahaushe ke ce wa Samudawa. Daga nan fassarori da yawa suka bi.

To, su wane ne 'ya'yan Allah ɗin? A nan masu bi na gaskiya sun rabu tun da daɗewa. Waɗansu sun ce mala'iku ne da suka yi tawaye. Hujjarsu ita ce, a Ayuba 1:6 da 38:7 da wannan suna aka kira mazauna sama. Haka kuma 2 Bitrus 2:4-5 ya ambaci mala'ikun da suka yi zunubi, nan da nan ya wuce zuwa Nuhu, Yahuza aya 6 ma ya yi zancen mala'ikun da suka bar matsayinsu. Waɗansu kuwa sun ce zuriyar Shitu ne, masu kira ga sunan Ubangiji, da suka auri 'yan matan gidan Kayinu, bangaskiyarsu ta lalace. Agustin, babban malamin ikkilisiya a Afirka ta Arewa wanda ya rasu a shekarar 430, wannan ra'ayi ya koyar, Luther da Calvin suka bi shi. Suna tuna mana cewa a Matiyu 22:30 Yesu ya nuna mala'ikun sama ba sa aure. Akwai kuma masu cewa sarakuna ne azzalumai, masu kwasar duk matar da suka ga dama.

Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na farko saboda Bitrus da Yahuza, amma ba zan raba zumunci da ɗan'uwa a kan wannan ba. Mun sha gardamarsa a makarantar Littafi Mai Tsarki har abinci ya huce, babu wanda ya ka da wani.

Galibin abin da ake wa'azi da shi a kan ƙattai ba daga Farawa ya fito ba. Daga littafin Anuhu ne, wanda Yahudawa suka rubuta ƙarnuka kaɗan kafin Almasihu, an kuwa sami guntayensa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri. Shi ne ya ce mala'iku 200 suka sauka a Dutsen Harmon, ya jera sunayen shugabanninsu, ya ce ruhohin ƙattan da suka mutu su ne aljanu. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha tana lissafa shi cikin littattafanta masu tsarki, Yahuza ma ya ɗauko magana daga cikinsa a aya 14 da 15. Duk da haka ba ya cikin littattafai 66 da ke hannunki. In mai wa'azi ya fara jera miki sunayen mala'ikun da suka faɗi, ki tambaye shi sura da aya.

Yanzu ku dubi aya ta 5. Da Allah ya faɗi dalilin ruwan tsufana, bai ce jinin mutane ya gauraye ba. Muguntar mutum ya ambata, da tunanin zuciyarsa. Aya ta 11 ta ƙara da cewa duniya ta cika da ta'adi. Ruwan ya zo ya share kowa, mutum takwas kaɗai suka tsira a jirgi, su ne Nuhu da matarsa da 'ya'yansa uku da matansu. Mala'ikun da suka yi laifin kuwa, Bitrus da Yahuza duka sun ce an tsare su cikin duhu, suna jiran ranar shari'a. Shaiɗan da aljanunsa suna nan suna aiki, ba mu musa ba, Afisawa sura 6 ta gargaɗe mu. Amma babu wuri ko ɗaya a Sabon Alkawari inda Yesu ko manzanni suka dubi wani yaro suka ce aljani ne ubansa.

Wani zai ce, ai Farawa 6:4 ta nuna an ga ƙattai har bayan wannan lokaci. Gaskiya ne. Sunan Nefilim ya sāke fitowa a wuri ɗaya, Littafin Ƙidaya 13:33, a bakin 'yan leƙen asiri goma da suka komo daga Kan'ana a tsorace, suna ganin kansu kamar fara. Tsoron nan ya sa Isra'ila ta yi shekara 40 a jeji. Dogayen mutanen da suka gani, Anakawa, suna da iyaye da garuruwa, suna mutuwa kamar kowa. Kalibu yana da shekara 85 ya nemi a ba shi Hebron, ya kori 'ya'yan Anak uku daga can. Og, sarkin Bashan, gadonsa na ƙarfe kamu 9 ne a tsawo, wajen mita 4, amma Isra'ilawa sun ci shi da yaƙi a zamanin Musa. Goliyat kamu 6 da rabi ne a nassin Ibrananci da muke bi, kusan mita 3. Tsohuwar fassarar Helenanci da wani kwafin Sama'ila da aka samu a Kumran sun ce kamu 4 da rabi, wato mita 2 da ɗan kai. Ko wanne ne, dutse ɗaya daga majajjawar makiyayi ya ka da shi. A zamaninmu ma an yi wani Ba'amurke, Robert Wadlow, mai tsawon mita 2.72, ya rasu a 1940 yana da shekara 22. Likitoci sun gano wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwarsa ce ta yi aiki fiye da kima.

'Yata, ga amsarki. Ɗanki mutum ne, ɗan mijinki ne, jikan Nuhu ne kamar ni da ke. A Ayyukan Manzanni 17:26 Bulus ya shaida wa mutanen Atina cewa daga mutum ɗaya Allah ya yi dukan al'ummai. Ƙaton nan na Gat, Jonatan ɗan ɗan'uwan Dawuda ya kashe shi ne don ya yi wa Isra'ila ba'a a fagen yaƙi, yatsunsa an ambace su ne don a kwatanta shi. Cindo abu ne da aka saba gani a cikin baƙar fata, sau da yawa gadonsa ake yi, har Hausawa suna yi wa mai shi laƙabi da Cindo ba tare da wata fargaba ba. Ku tambayi tsofaffin gidanku da na mijinki, mai yiwuwa a tuna da wani kaka da ya zo da shi.

Kada ku kai kuɗin nan. Ku kai yaron asibiti likita ya duba, shi zai faɗa muku ko a cire yatsan ko a bar shi, kada kuma a yanke a gida. Ki roƙi pastonku da wani dattijon ikkilisiya su zauna da mijinki da uwarsa, a karanta musu Yahaya sura 9 da harshenku, inda almajirai suka so su san laifin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, Yesu kuwa ya wanke shi da iyayensa. Kai kuma maigida, in kana jina, ɗanka yana jiran hannunka.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu ci gaba daga Farawa 6:9, a kan Nuhu da ginin jirgi.