Baƙo a Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja

Kowace shekara in an buɗe makaranta akan ga waɗansu ɗalibai da suka zo daga nesa, har da 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, suna yawo da tambaya guda, watau ina za su sami kwamfuta ta kirki. Duk wanda suka tambaya sai ya nuna musu hanyar Ikko, ya ce su tafi Ikeja. To, kayan kam suna can. Abin da ke da wuyar samu shi ne mutumin da ya san kayan.

Wurin da ake kira Computer Village da unguwar zama ce, kewayen titin Otigba. Cikin shekarun 1990 aka fara mai da gidajen kantuna, sa'an nan da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001 sai kasuwa ta tumbatsa. Yau kantuna dubbai ne, wani bisa wani.

Wanda zai fara tarbonka a bakin titi, yana jan hannun rigarka, yawanci ba shi da ko kanta. Ɗan kamasho ne, zai kai ka inda ladansa ya fi tsoka, kuma daga aljihunka ladan zai fito. Ka gaishe shi, ka wuce. Masu sani suna ciki, galibi a ɗan lungun da aka baje inji ana gyara. Da yawa cikinsu sun yi shekaru suna yaron kanti wurin maigida kafin a sallame su, bisa al'adar Ibo ta koyon ciniki. Wanda hannunsa ya buɗe inji ɗari ya fi mai zaƙin baki nesa ba kusa ba.

Yaya baƙo zai gane shi? Da fari dai ka lura da wanda ya fara yin tambaya. Mai sani zai ce, "Wane aiki za ka yi da ita?" Gama injin buga darasi da lissafin jarrabawa daban ne da na mai zanen gini. Wanda kuwa ya soma da "Nawa ka zo da shi?" kuɗinka yake aunawa.

Sa'an nan kai ma ka gwada shi da abin da ka riga ka san amsarsa. Ga misali. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, in injin na Intel ne, kusan sai jeri na 8 zuwa sama take karɓa bisa ƙa'ida. Saboda haka sai ka nuna wata tsohuwar kwamfuta, irin wadda suke kira tokunbo, ka tambaya ko za ta ɗauki Windows 11. In ya ce kowace tana ɗauka, to, ko bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye, duka biyu kuwa ba alheri. Kada kuma ɗan tambarin nan mai cewa i7 ya ruɗe ka. Lambar da ke bayansa ita ce magana. Ƙirar i7-4600U ta 2013 ce, jeri na 4, kuma i5-8250U ta 2017 ta fi ta gudu ƙwarai, ko da yake sunanta ya fi ƙanƙanta. Sau da yawa na ga malami da iliminsa ya faɗa wannan rami, ya dawo yana murna.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙo shi kaɗai. Wanda ya yi karatu da Faransanci ya saba da allon haruffa mai farawa da AZERTY, a nan kuwa QWERTY ya fi yawa, sai ya faɗa tun kafin ciniki. Mai rubuta Hausa ya ce a nuna masa yadda za a fid da ƙ da ɗ da ɓ, domin Windows tana da tsarin Hausa a cikinta, ba sai an biya wani kuɗi ba. Wutarmu kuma bolt 230 ce. Injin buga takarda da aka yi don Amurka, mai 120, yana iya ƙonewa da an soka shi a bango. Mai sani zai juya bayan injin ya karanta maka ba ka roƙa ba.

Ba a cinikin biri a sama. A kunna inji a gabanka, a zare waya a ga ko batir zai riƙe, ka taɓa kowane harafi. Rasit ya fito da sunan kanti, da lambar jikin injin, da kwanakin da aka yarda ka mayar in ya ba da matsala. In buroka ko Yarabanci ba su zauna bakinka ba, Agege na nan kusa da Ikeja, Hausawa kuwa sun daɗe a can. Ka nemi wanda ya taɓa kai gyara kasuwar ya raka ka, ku tafi da hantsi, don a sami lokacin gwaji kafin a fara rufe kantuna.