Gwajin Lilo a Ajin Fiziks

Ɗalibin da ya zaɓi ajin kimiyya a Najeriya yakan fara Fiziks a SS1, kuma jarrabawar WAEC ko NECO da ke jiransa ba ta tsaya ga rubutu ba, akwai ɓangaren gwaji da hannu. A nan yara da yawa ke tuntuɓe, domin shekara uku suka yi suna kwafar allo da haddar ƙa'idoji, ba su taɓa auna komai da kansu ba. Akan ce rashin kayan aiki ne. Haka ne, amma ba kowane gwaji ne ke buƙatar kaya masu tsada ba.

Ga gwajin lilo. Zare, ƙaramin noti, rula da agogon waya sun wadatar. A ɗaure notin a zare mai tsawon mita 1, a rataye, a ɗan ja shi gefe a saki. Zuwa da dawowa ɗaya zai ci kusan sakan 2. Ba a auna guda ɗaya, don yatsa ba shi da wannan saurin. 20 ake ƙirgawa, a raba lokacin gida 20. In aka rage zaren zuwa santimita 25, lokacin zai koma sakan 1, wato tsawo ya dawo rubu'i, lokaci kuwa rabi. Daga nan sai malam ya tambayi aji: in aka sa noti mai nauyi fa? Da yawa za su ce zai fi sauri. A gwada a gabansu. Lokacin ba ya canzawa, kuma da wuya yaro ya manta abin da idonsa ya ƙaryata masa.

Galileo ya nazarci lilo a farkon ƙarni na 17, Huygens ɗan ƙasar Holan ya ƙera agogo da shi a 1656. A 1672 Jean Richer ya lura a Kayen, Kudancin Amurka, cewa agogonsa mai lilo na jinkirin kusan minti biyu da rabi kullum in aka kwatanta da Faris, saboda ƙarfin jan ƙasa ya ɗan fi rauni kusa da layin da ya raba duniya biyu.

Wannan ƙarfin ne ɗalibai ke lissafowa daga tsawon zare da lokaci, amsar littafi kuwa kusan 9.8 ce. Wanda ya samu 9.4, kada a bar shi ya goge ya rubuta ta littafi. Ya koma ya duba: tsawon nan, daga maratayi zuwa tsakiyar notin ya auna, ko a bakin ƙulli ya tsaya?