Kyamara ba ta san oga ba, amma wa zai biya tarar?

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Jihar Legas ta sanar da kafa kyamarorin auna gudun mota a Alapere, inda aka ƙayyade kilomita 80 a sa'a, da kuma titin Mobolaji Bank Anthony, inda iyakar take kilomita 60. Duk wanda ya zarce, saƙon tarar Naira 50,000 zai riske shi a wayarsa. Ba a tsayar da shi ba, balle a yi cinikin bakin taga, balle ya ce, "Ka san ko ni wane ne?"

Sai dai aikin na'ura karanta lamba ne kawai. Tura saƙon, sauraron koke da ikon share suna daga jerin masu laifi duk suna hannun jami'ai, kuma a nan direba yake auna adalcin hukuma.

An gwada muhimmancin wannan a birnin Adana na Turkiyya. An umarci wasu 'yan sandan hanya su riƙa bayyana wa direban da aka kama da gudu dalilin dokar, su saurare shi, su mutunta shi. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna direbobin da aka yi wa haka sun fi sauran gamsuwa da yadda 'yan sandan suka yi mu'amala da su a lokacin tsayarwar. Dalilin a fili yake: wanda ya yarda da doka yana rage gudu ko ba a ganinsa, wanda yake jin an zalunce shi kuwa, wurin kyamarar kawai zai haddace, ya taka burki a gabanta, ya wuce ya ci gaba da tsula gudu.

Mazauna Abuja sun san inda gizo ke saƙa. A titin Umaru Musa 'Yar'adua mai zuwa filin jirgin sama da babban titin Kubwa, ayarin manya na keta hanya da jiniya, wasu motocin da lamba a rufe. Kyamarar da za ta kama ɗan tasi ta kasa karanta lambar shafaffu da mai, haraji ce kawai a kan talaka.

Akwai kason hadimai a wannan gyara. Sau da yawa direban ofis yana gudu ne domin an fito a makare, aka ce lallai ya cim ma jirgi. Mai tsara lokacin tafiyar oga yana da hannu a kan totur, ko da kuwa a kujerar baya yake zaune.